Daga Kalangun Mahauta Zuwa Ƙarar Wayar Makaho

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da yawancinmu masu ido muke ɗauka hayaniya ce kawai, wato 'yan ƙararrakin nan da wayar makaho ko kwamfutarsa ke yi a tsakanin maganar da take karanta masa. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To ga wanda ba ya gani, jin nan shi ne ganinsa, kuma kowace ƙara a cikinsu tana da ma'anarta.

Mu da kakanninmu suka zo Bauchi fatauci daga Kano da Katsina da Zazzau, isar da saƙo da sauti ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da can idan aka ji kalangun mahauta, kowa ya san an yi yanka, nama ya samu. Idan aka ji tambari da kakaki, an san sarki ya fito. Babu wanda ya buɗe baki, amma saƙo ya isa. Gajeren sauti ya hutar da mutane dogon bayani, kuma mai karatu zai ga cewa wannan dabarar ce masu kwamfuta suka zo suka kama daga baya.

Amma kafin kunne, da yatsa aka fara. A shekarar 1809, wadda a cikinta Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi, aka haifi Louis Braille a Faransa. Ya makance tun yana yaro, kuma a 1824, yana ɗan shekara 15, ya tsara rubutun ɗige-ɗige shida da ake shafawa da yatsa. Makarantar makafi ta farko a Najeriya ita ce ta Gindiri da ke Filato, maƙwabtanmu, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953. Sai dai wannan rubutu yana da iyaka. Abin da ba a buga da ɗige ba, makaho ba shi da hanyar karanta shi. Wasiƙarsa ko takardar bashinsa sai ya nemi mai ido ya karanta masa, ka ga sirri ya tashi ke nan.

Kwamfuta ce ta fara canza lamarin. A 1986 Jim Thatcher na kamfanin IBM a Amurka ya fito da manhaja mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Sannan Ted Henter, ɗan tseren babur da ya makance a haɗarin mota a 1978, ya ƙirƙiro JAWS, wadda nau'inta na Windows ya fito a 1995. Nan kuma wata matsala ta ɓullo. Mai ido da kallo ɗaya zai san ga babban harafi, ga kuskuren rubutu, ga aikin da ya kai rabi. Idan murya za ta faɗi duk wannan ɗaya bayan ɗaya, surutun zai yi yawa har mutum ya gaji kafin ya kai ga abin da yake nema.

Maganin ya zo ta hanyoyi biyu. William Gaver ya kawo shawara a 1986 cewa a riƙa amfani da sautukan da kunne ya saba da su. A gwajin da ya yi wa kamfanin Apple, idan ana kwafar fayil sai ka ji kamar ana zuba ruwa a tulu, sautin na hawa yayin da tulun ke cika. A 1989 kuma Meera Blattner da abokan aikinta suka bi ta hanyar gajerun kiɗe-kiɗe, kowane da ma'anarsa da mutum zai koya, kamar yadda muke gane taken sarki. T. V. Raman, Ba'indiye da ya makance yana ɗan shekara 14, ya sanya irin waɗannan sautuka a manhajarsa Emacspeak a 1995.

Duk wannan bai iso hannun talaka ba, don kuɗin JAWS ya kai kusan dala 1,000. Sai a 2006 Michael Curran, wani matashi makaho a Ostareliya, ya fara NVDA, abokinsa James Teh ya kama masa, suka bayar da ita kyauta. A 2009 iPhone ta zo da VoiceOver, Android kuma ta zo da manhajoji uku: TalkBack mai magana, SoundBack mai ƙara, da KickBack mai girgiza waya. Daga baya aka haɗe su cikin TalkBack, wadda ita ce a yawancin wayoyin da muke sayarwa a kasuwa.

Abin lura a nan shi ne, kowane sauti ana iya saita shi. A NVDA, idan ana sauke fayil daga intanet, mutum zai zaɓa: ko a faɗa masa kashi nawa aka ci, ko ya ji ƙara tana hawa sama har aiki ya ƙare, ko duka biyun, ko shiru. Danna Insert da U kawai zai yi. Babban harafi ma haka, ko murya ta ɗaga, ko a yi 'yar ƙara. Akwai sautin da ke nuna an yi kuskuren rubutu, da wanda ke nuna an shiga gurbin cike fom. A TalkBack ana rage ƙarfin ƙarar daban da na muryar, ko a kashe ta a bar girgiza, wanda ya fi amfani a cikin hayaniya irin ta kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Ga Bahaushe kuma akwai ƙarin dalili. Idan muryar Turanci ce ke karanta saƙon Hausa, takan dagula kalmomi, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ. Ita kuwa ƙara ba ta da yare, kowa ya koye ta ya gane.

Dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne abin da nake gani a shagunan waya, ni da na tashi a kasuwa. Makaho zai kawo wayarsa a canza masa gilashi ko batir, mai gyara ya ji tana ta surutu, shafa ɗaya ba ta buɗe komai sai an danna sau biyu, sai ya ce ta rikice, ya goge komai ya mayar da ita kamar sabuwa. Haka yara ke yi a gida idan suka ari wayar. Saitin da mutum ya shafe makonni yana daidaitawa da kunnensa ya tafi a minti biyar, ya koma neman wanda zai duba masa ko kuɗi sun shigo. Wannan daidai yake da a ɗauke masa sanda a ajiye a wani wuri.

Tun 2017 hukumar JAMB ta ware tsari na musamman don makafi masu jarrabawa, a 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Doka ba za ta shigo shagonmu ta riƙe mana hannu ba. Don haka ɗan'uwa mai gyara, kafin ka taɓa saitin wayar makaho, tambaye shi tukuna, kuma kada ka miƙa masa ita sai ya gwada ya ji sautukansa sun dawo yadda ya bar su.

Mu kwana nan, sai mun haɗu a rubutu na gaba.