Mataimakiyar lafiya ta cikin waya: abin da take iya gaya wa mace kafin ciki ya shiga

Mataimakiyar lafiya ta cikin waya manhaja ce da ake hira da ita kamar ana hira da ma'aikaciyar asibiti, alhali babu mutum a ɗaya ɓangaren. Wata a WhatsApp take, ki rubuta ta ba ki amsa. Wata kuma hoton mace ne mai motsi a fuskar waya ko kwamfuta, tana magana da murya. Ni ba likita ba ne, mahaifina fataucin shanu yake yi a nan Agege. Abin da ya sa na bi diddigin maganar shi ne matar yayana, wadda ta yi ɓari sau biyu. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarbanci, zuwa asibiti sai an nemo mai yi mata tafinta. Ni aka riƙa miƙa wa waya in karanta mata.

Wadda ta fi suna a fagen shawarar kafin ciki ita ce Gabby. Likitoci da masana kwamfuta ne suka ƙirƙiro ta a birnin Boston na Amurka, domin matasan mata baƙaƙen fata, waɗanda matsalar haihuwa ta fi addaba a can. Tana yi wa mace tambayoyi kan abubuwa sama da 100 da ke iya shafar ciki, tun daga abinci da magunguna har zaman gida. Daga nan sai ta fitar mata da jerin abubuwan da ya kamata ta gyara, ta riƙa bibiyarta. A 2020 mujallar Lancet Digital Health ta buga sakamakon gwajin da aka yi da mata sama da 500, inda aka ga masu hira da Gabby sun fi sauran ɗaukar mataki. Sai dai don matan Amurka aka yi ta, da Turanci. A Afirka ta Kudu akwai MomConnect tun 2014, amma ita sai ciki ya shiga take fara aiki.

To, me ya sa ake matsa wa kan kafin ciki? Mu dai a wajenmu sai ciki ya fito ake tunanin zuwa awo. Amma hanyar lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Shi ya sa duk mataimakiya mai inganci abin da za ta fara faɗa shi ne ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum, a fara sha aƙalla wata guda kafin ciki. Tana rage haɗarin haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya, kuma ba ta da tsada. Mai ciwon suga ko sikila, da mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri, likita kan ba su mai ƙarfi, miligiram 5. Za ta kuma tuna miki shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya: a bar wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, bayan ɓari kuma wata 6. Irin wannan tunatarwa kam waya ta iya ta, ba ta gajiya, ba ta tsawa, ko da tsakar dare ne.

Inda ƙarfinta ya ƙare shi ne jini. Za ta iya bayyana cewa idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, amma ba ta san jininki ba sai an ɗiba. Haka rukunin jini: mai alamar ragi, kamar O mai ragi, idan mijinta mai alamar ƙari ne, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba. Haka gwajin ciwon hanta, ƙanjamau, tunjere, suga da hawan jini. Kuma kada mai shan maganin farfaɗiya ko na hawan jini ta daina don waya ta ce wasu suna illa ga ciki. Gaskiya ne akwai masu illar, amma likita ne ke canzawa.

Akwai abin da ya shafe mu mutanen kara da abatuwa, wanda na lura waɗannan manhajojin ba sa tambaya sai ka faɗa da kanka. Bakale, ciwon da ke sa saniya ɓari, yana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa mahaifar dabba ko ɗan tayin da ta zubar. Alamarsa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓɓai, shi ya sa ake ta shan maganin maleriya a banza. Mai shirin ciki ta tafasa madara kafin ta sha ko ta yi kindirmo, ta bar naman da bai dahu sosai ba. Hanta ma, wadda a gidanmu ita ce rabon mata idan an dawo daga Oko-Oba, yawan cinta ba shi da kyau ga ƙaramin ciki saboda yawan bitamin A. Kayan mata da jiƙe-jiƙe kuwa, waya ba ta san abin da aka zuba a ciki ba, sai dai a ɗauka a nuna wa likita.

Harshe ma matsala ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na gama-gari suna amsawa da Hausa, amma wani lokaci Hausar kan karkace, kuma ko sun yi kuskure da gadara suke faɗa. Duk inda aka zo kan adadin magani, a tabbatar a wajen likita ko ƙwararren mai kemis. Sai sirri. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta maigida, hirar kuma tana nan a ajiye. Ni kaina na ga iyakata: da aka zo tambayoyin al'ada da kwanciya, matar yaya ta yi shiru ta ja mayafi, dole na miƙa wa ƙanwata wayar na fita. Zubar jini mai yawa, ciwon mara mai tsanani ko suma kuwa, wannan ba na rubuta saƙo ba ne, asibiti ake nufa kai tsaye.

Abin da muka yi a ƙarshe, ƙanwata ta rubuta tambayoyi bakwai a takarda daga cikin hirar, yaya ya kai su asibitin gwamnati da ke kusa da mu. Aka ɗibi jini, aka auna ta, sai ga hawan jinin da ba wanda ya san tana da shi. Likitar ta ɗora ta kan maganin da ya dace da mai neman haihuwa, ta haɗa mata da folik asid, ta ce su dawo bayan sati huɗu, shi ma yaya ya zo a duba nasa jinin.