Yadda Masu Rubuta Manhaja Suka Koyi Tsare Tarihin Gyare-gyarensu

Manhajar kwamfuta ba a gama rubuta ta, domin tun ranar da aka miƙa ta ga masu amfani ake komo da ita, wannan yana neman ƙari, wancan yana kukan kuskure. Kuma da yake harafi guda da aka sauya cikin dubban layuka yana iya rushe aikin shekara, sai babbar mas'alar ma'abota wannan fanni ta zama sanin wane ne ya canja me, yaushe, kuma bisa wace hujja.

A shekarar 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind, a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, ya ƙirƙiro tsarin SCCS, wanda hikimarsa ita ce maimakon a ajiye kowane sabon kwafi ɗungurungum, sai a ajiye bambancin da ke tsakanin kwafi da kwafi, ta yadda za a iya komawa kowane mataki da ya shuɗe. Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya biyo da RCS a 1982. Amma dukansu biyu a kan ƙa'idar kulle suka ginu: idan mutum ya ɗauki fayil zai gyara, sai ya kulle shi, saura kuwa sai haƙuri har ya sake shi, ko da ya tafi hutu ya mance. A ganina tsoron canji ne ya haifi wannan ƙa'ida, kuma ta tsare nassi amma ta ɗaure hannun ma'aikata.

Dick Grune, malami a wata jami'a ta birnin Amsterdam, shi ya sassauta wannan ɗauri. Yana aiki da ɗalibansa biyu waɗanda lokutansu ba su dace da nasa ba, sai ya rubuta CVS, ya fitar da shi a 1986, inda kowa ke gyara nasa kwafin, daga bisani a haɗe. In gyara biyu suka faɗa kan layi ɗaya, na'ura ta nuna saɓanin, mutane su yanke hukunci. Subversion ya gaje shi daga shekarar 2000, sai dai har a lokacin tarihin duka yana hannun babbar kwamfuta guda.

Sauyi mafi girma daga rikici ya fito. Masu gina manhajar Linux, waɗanda suka shekara goma suna aika wa juna gyare-gyare ta imel, sun koma amfani da BitKeeper a 2002, manhajar wani kamfani da ya ba su kyauta bisa sharaɗi. Da aka sami saɓani a 2005 kamfanin ya janye kyautar, sai Linus Torvalds, jagoran masu gina Linux, ya zauna a watan Afrilu ya rubuta Git, cikin 'yan kwanaki ya fara aiki da shi. A nan kowane ma'aikaci yana riƙe da tarihin aikin gaba ɗaya a kwamfutarsa, kuma kowane gyara yana ɗauke da sunan mai shi, da lokaci, da bayanin dalili, da wani hatimi na haruffa da alƙaluma 40 wanda aka lissafo daga abin da ke ciki haɗe da hatimin gyaran da ya gabace shi. Ɗalibin hadisi zai gane wannan nan take, domin isnadi ne: kowace ruwaya tana jingine da wadda ta riga ta, kuma wanda ya taɓa ta tsakiya a ɓoye, duk hatiman da ke bayanta za su tona shi. Da amana ta samu ta wannan hanya, sai buƙatar kulle ta kau, har baƙon da ba a taɓa gani ba ya iya kawo gyara a duba a karɓa.

A watan Yuli na shekarar Torvalds ya miƙa ragamar Git ga Junio Hamano, ya koma kan Linux. An buɗe GitHub a 2008 domin ajiye irin waɗannan ayyuka a intanet, kuma a 2018 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 7.5.