Hakimi da Ƙuri'a a Ƙasar Ruma da Safana

A zaɓen tarayya na 1959, maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana ta Yariman Katsina gundumomi ne na En'e ta Katsina, wadda Sarki Usman Nagogo ke riƙe da ita, kuma fadar ta karkata ga NPC. Manomin da ke sha'awar NEPU ya san dagacin da ke lura da shi ranar zaɓe shi ne zai dawo karɓar haraji, shi ne kuma shaida in rigimar gona ta kai gaban alƙali. Kuskure ne a ɗauki ƙuri'ar wancan zamani a matsayin ra'ayi tsantsa; da yawanta neman tsira ce.

A 1979 mata suka shiga layi, Jihar Kaduna kuwa ta ba Balarabe Musa na PRP gwamna, ta ba NPN rinjaye a majalisa. Ya soke haraji da jangali, watau igiyar da dagaci ke jan talaka da ita. Majalisar ta tsige shi a 1981.