Zaure Da Dakali, Makarantar Marubuci Ta Farko

Yau mun ɗan jingine labarin da muke kawo muku, za mu waiwayi zaure.

A ƙasar Hausa gida ba ya cika sai da zaure. A nan Tafoki ta ƙasar Faskari, yadda na taso na gani, da tubali ake gina shi, a rufe da azara, a shafe da makuba don kada damina ta ci bango. Nan ne iyakar baƙo namiji, a shimfiɗa masa tabarma, yaro ya fito da ruwa. Nan maigida ke cin tuwo da maƙwabta, nan ake karɓar masu neman aure, a yi zaman makoki, a sasanta rikicin gona, malam ya biya wa almajirai allo. Dakalin ƙofa kuwa na hira ne, dattawa da yamma, samari da dare.

Adabinmu ma daga nan ya ɗauko murya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ai mutum ne zaune yana ba da labari ana saurare.

To, siminti da kwano suka zo, get da falo suka maye gurbin zaure, waya ta ɗauke hankalin yara. Mafi ciwo, 'yan bindiga suka addabi Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020. Wanda ke kulle ƙofa tun magariba, ina zai ga hirar dare?

Don haka ƙannena marubuta, ga shawarata. Ku je wurin tsofaffin da suka rage tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu, ku rubuta karin maganarsu da yadda suke gaisawa. Ku karanta abin da kuka rubuta a bayyane. In kun ji ba za a faɗe shi a kan dakali ba, ku gyara. Shafin farko kuwa shi ne zauren littafi. Ku tarbi mai karatu, ku ba shi ruwa, amma kada ku kai shi ƙuryar ɗaki tun daga sallama.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.