Shakkar Narendra da Matsayin Gwaji a Addinin Hindu

A ƙarshen 1881 wani ɗan kwaleji mai shekara 18, Narendranath Datta, ya je wurin bautar allahiya Kali da ke Dakshineswar, a gaɓar kogin Ganga arewa da Kalkata, ɗauke da tambayar da ya riga ya kai wa manyan birnin: ko akwai wanda ya ga Ubangiji da kansa? Ɗan lauya ne, ya sha falsafar Turawa, yana kuma halartar zaman Brahmo Samaj, ƙungiyar 'yan bokon da suka juya wa bautar gumaka baya. Mai hidimar wurin, Ramakrishna, wanda karatunsa bai yi nisa ba, ya ce masa ya gani, kamar yadda yake ganinsa a gabansa.

Narendra bai yi mubaya'a nan take ba. Almajirai sun ruwaito cewa da farko ya ɗauka mutumin taɓin hankali gare shi. Da ya ji wai malamin ba ya iya taɓa kuɗi, sai ya cusa sulalla a ƙarƙashin shimfiɗarsa, ya koma gefe ya zuba ido. An ce malamin na hawa shimfiɗar ya zabura. Koyarwar Advaita kuwa, wadda ke cewa haƙiƙar komai guda ce, ya mai da ita abin dariya, yana tambaya ko ke nan buta da kofi ma Ubangiji ne. Sai da mahaifinsa ya rasu a 1884, bashi da yunwa suka shigo gidan, sannan ya durƙusa gaban Kali. Ramakrishna ya tura shi ya roƙi arziki, shi kuwa sau uku yana shiga yana roƙon ilimi da tsarkin zuciya.

Wannan saurayi shi ne Swami Vivekananda, wanda ya yi jawabi a taron addinan duniya na Shikago ranar 11 ga Satumba, 1893. Abin da ya faru da shi ya mayar da shi ƙa'ida. A littafinsa Raja Yoga na 1896 ya kamanta addini da kimiyya: akwai hanya, akwai gwaji, kuma kada kowa ya gaskata abin da bai tabbatar da kansa ba. Littattafan Veda, nassosin Hindu masu tsarki, a ganinsa, rahoton abin da magabata suka riska ne, mai nema kuma sai ya riski nasa.

Hausawa masu karatun zaure ba za su ji wannan bambarakwai ba. Imam Gazali ma ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 saboda taƙlidi bai kashe masa ƙishirwa ba.

Sai dai da sauran rina a kaba. Vivekananda ya gabatar da fifikon gwaji a matsayin tsohuwar koyarwar Indiya, alhali Shankara, jigon Advaita da ya rayu wajen ƙarni na 8, ya riƙi nassin Upanishad, wani sashe na Veda, a matsayin hujjar sanin Brahman, wato haƙiƙar nan guda ta komai. Tsarin da aka gada mataki uku ne: sauraro daga bakin malami, tunani har shakka ta gushe, sannan dogon nazari na zuci. Masani Anantanand Rambachan ya nuna a littafinsa na 1994, The Limits of Scripture, cewa Vivekananda ya sauya wannan jeri, ya ɗora abin da mutum ya riska a kan nassi. Asalin sauyin ma ana iya gano shi a Kalkata ta zamanin Turawa: tun wajen 1850 Brahmo Samaj, ƙarƙashin Debendranath Tagore, ta bar aƙidar cewa Veda ba ta kuskure, ta jingina ga shaidar zuciya. Mutanen da mishan da malaman kimiyya suka sa a gaba suna buƙatar hujjar da ba littafi ba.

Rambachan yana da gaskiya a fagen tarihi. Amma masu ɗaukar maganar Vivekananda a matsayin lasisin kowa ya bi son ransa, su ma sun yi masa gurguwar fahimta. Shakkar Narendra a gaban malami ta gudana, kusan shekara biyar, har rasuwar Ramakrishna a 1886, kuma abin da ya ce ya riska daga ƙarshe shi ne dai abin da nassin ya faɗa tun farko. Wannan ya sa da wuya a raba gwajin da tarbiyyar da ta share masa hanya, domin wanda ya shekara yana jin cewa komai ɗaya ne, ba mamaki ya ga hakan.

Vivekananda kansa bai bar mabiyansa sakaka ba. A ranar 1 ga Mayu, 1897 ya kafa Ramakrishna Mission, ya rubuta wa zuhudawan ƙungiyar dokoki, ya haɗa musu nazari da hidimar marasa lafiya da mayunwata. Ya rasu a 1902 yana da shekara 39, kuma har yau a Belur Math, hedikwatar ƙungiyar, sai mai nema ya yi shekaru yana karatun nassi ƙarƙashin manya kafin a ba shi mayafin zuhudu.