Daga Karen Farauta Zuwa Karen Gadi: Asalin Koyar da Kare a Ƙasar Wamakko

Wanda ya ratsa unguwar Arkilla ko Bado bayan sallar la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi, yana iya tarar da saurayi a ƙofar gida riƙe da ɗan yankin nama tsakanin yatsunsa, ga wani jibgegen kare irin na Jamus ya ƙura masa ido. In ya ɗaga naman bisa hancin karen ya ja shi baya kaɗan, sai kare ya bi shi da kai har ya zauna. In ya sauke hannu tsakanin ƙafafun karen na gaba, sai ya kwanta. In kuwa ya janyo naman zuwa gabansa, sai ya miƙe tsaye. Galibin masu wucewa sukan ɗauka wannan al'amari baƙo ne tsantsa, alhali kuwa rabinsa ne kaɗai ya zo mana daga ƙetare, ɗaya rabin ya daɗe a zaurukan malamanmu da dazuzzukanmu.

Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, da kafa birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya yi a 1809, ɗaliban ilmi na ƙasar nan suna karanta mas'alar kare mu'allami, wato wanda aka koyar, a babin farauta na Risalar Ibnu Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halilu. Asalin mas'alar kuwa aya ta 4 ce ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abin da dabbar farauta koyayya ta kamo in an ambaci sunan Allah, tare da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, sahabin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da hukuncin karnukansa. Da yake halaccin nama ya rataya ga koyarwar, sai ya zama wajibi ga fuƙaha'u su fayyace mene ne koyo ga dabbar da ba ta magana, suka ce alamarsa ita ce in an saki kare ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'awa suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, Imamu Malik kuwa bai sharɗanta haka ba. Ni dai a ganina, duk abin da masu horon zamani suke kira biyayya yana cikin waɗannan sharuɗɗa biyu na farko, domin tsayar da kare yana tsakiyar gudu, ga zomo a gabansa, ya fi zaunar da shi a tsakar gida wuya nesa ba kusa ba.

'Yan farautar ƙauyukan da ke bakin gulbi, waɗanda kan fita daji bayan an kawar da amfanin gona, ba su koyi sana'arsu daga littafi ba, amma aikinsu ya dace da abin da littafin ya faɗa. Akan haɗa ɗan kwikwiyo da tsohon kare ya riƙa binsa, a saba masa da fiton ubangidansa har ya rarrabe shi cikin fiton mutum ashirin, a cuna shi ga gafiya kafin a kai shi ga zomo ko gada, sa'an nan a koya masa mafi wuyar darasi, wato sakin abin da ya kama domin mai shi ya samu ya yanka tun da sauran rai. Ba wanda ya damu ko karen ya zauna ko ya kwanta, tun da daji ba ya bukatar haka.

Wannan tsari na zama da kwanciya da tsayuwa bisa umarni, daga barikin Turai ya fito. A 1899 'yan sandan birnin Ghent na ƙasar Beljiyam suka fara aiki da karnuka a tsare, a shekarar kuma Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar kiwon karen makiyayan Jamus. A 1910 wani jami'i Bajamushe mai suna Konrad Most ya wallafa littafinsa na horon kare, wanda ya ginu a kan fizgar igiya da tilastawa, irin faretin soja, kuma hanyarsa ta yaɗu da yaƙin duniya na farko da na biyu. Daga baya abin ya zama gasa, har Amurka ta tsara ƙa'idojinta a 1936. Sai da almajiran masanin halayyar nan B. F. Skinner suka nuna cewa dabba ta fi saurin koyo da lada a kan azaba, kana littafin wata mai suna Karen Pryor na 1984 ya bazu, sa'an nan ɗan yankin nama ya maye gurbin bulala a hannun masu hankali.

Ta hannun 'yan sanda da soja wannan horo ya shigo Nijeriya, daga nan ya gangaro gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, musamman da birnin Sakkwato ya faɗaɗa ya shiga ƙasar Wamakko, aka gina gidaje masu katanga da ke bukatar gadi. Abin da ya rage, wanda yake damuna ƙwarai, shi ne yadda samarinmu suke ba kare umarni da Turanci, suna zaton ba ya jin wani harshe, alhali kare sauti yake riƙewa da motsin hannu, kamar yadda na mafarauci ya riƙe fito. Ya kai mai kiwon kare, ka yi masa allurar rigakafin hauka, ka ajiye bulala, kuma ka ce masa zauna, kwanta, tashi, da harshen da kake kiran 'ya'yanka.