Kuɗin Kamfanoni da Akwatin Zaɓe a Amurka

Tun 1907 dokar Tillman ta haramta wa kamfanonin Amurka miƙa kuɗi ga ɗan takarar kujerar tarayya, bayan asiri ya tonu cewa kamfanonin inshora sun zuba dukiya a kamfen ɗin Theodore Roosevelt na 1904. Dokar tana nan daram har gobe. Ƙofar da kuɗin ke bi a yau Kotun Ƙoli ce ta buɗe ta ranar 21 ga Janairu 2010, a shari'ar Citizens United, inda alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa kashe kuɗi kan tallar siyasa faɗin albarkacin baki ne, ba a hana kamfani ko ƙungiyar ƙwadago yin sa muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba.

Hukuncin ya tsaya ne kacokan a kan wannan sharaɗi. Mai shari'a Anthony Kennedy ya ɗauka cewa kuɗin da bai shiga aljihun ɗan takara ba ba ya haifar da rashawa. Watanni biyu bayan nan wata kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora a kai, aka haifi Super PAC, asusun da ke karɓar gudummawa ba iyaka. Sai dai sau da yawa tsofaffin hadiman ɗan takarar ne ke riƙe da asusun, kuma wanda ya shekara goma yana riƙe maka jaka ba sai ka faɗa masa abin da kake so ba.

Dubi jihar Ohayo a 2024. Sanata Sherrod Brown, shugaban kwamitin harkokin banki a lokacin, bai ɓoye ƙyamarsa ga kuɗin kirifto ba. Wani reshe na asusun Fairshake, wanda kamfanonin kirifto irin su Coinbase da Ripple suka cika, ya kashe kimanin dala miliyan 40 don tallata abokin hamayyarsa Bernie Moreno, kuma tallace-tallacen sun kauce wa maganar kirifto ɗin kanta. Brown ya sha ƙasa. Ba zan ce kuɗin ne kaɗai ya kayar da shi ba, domin jihar ta riga ta karkata ga Trump. A ganina aikin kuɗin yana wani wuri: sauran 'yan majalisa sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. A 2025 dokar GENIUS, wadda masana'antar kirifto ke nema, ta wuce da ƙuri'un jam'iyyun biyu.

Masu neman gyara sun kasu. Wasu na son a yi wa tsarin mulki kwaskwarima, abin da ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38. Wasu sun koma birane, kamar Siyatul, inda ake raba wa mazauna takardun dala 25 guda huɗu su bai wa ɗan takarar da ya kwanta musu. Mafi sauƙin buƙata ita ce a bayyana sunan mai ba da kuɗin, tunda ita kanta Kotun Ƙolin ta yarda da haka. Ƙudirin DISCLOSE da ya nemi wannan ya samu ƙuri'u 59 a Majalisar Dattawa a Satumbar 2010, alhali 60 ake buƙata.